Malamar da Ke Kiran Yaya

Shekarar korona, lokacin da aka kafa dokar kulle a Kano, muna zaune a Dawanau, ni da maigidana da yara uku, a ɗaki biyu da ɗan tsakar gidan da ko shanyar wanki ba ya ɗauka gaba ɗaya. An rufe firamaren da nake koyarwa. Kasuwar hatsi, wadda ƙarar manyan motocinta ke tashinmu tun asuba, ta yi tsit sai ranakun da aka sassauta. Maigidan, da yake awon gero da wake yake yi a can, ya koma zaman zaure, rediyo a kunne, tsaki a baki. Ga zafin bazara, ga azumi ya kama. Ni kuwa mace ce mai surutu, ban taɓa musu ba. In na wuni ban yi hira da babban mutum ba, har ciwon kai nake yi.

Ana cikin haka tsohuwar shugabar makarantarmu ta kira ni. Hajiya muke ce mata. Ta yi ritaya, amma ba ta iya zaman banza ba. Ta ce tsofaffin ƙauyukan nan, tun daga Dawakin Tofa har wajen Shanono, an bar su su kaɗai. 'Ya'yansu na Legas da Fatakwal, hanya a rufe, ba Juma'a, ba cin kasuwa, ba biki ba suna, ga rediyo kullum sai sanarwar rasuwar sa'o'insu. Ta karɓi lambobinsu ta hannun 'ya'yan, ta sayi sababbin layuka, tana neman malamai mata da za su riƙa kiransu a yi hira.

"Ke dai bakinki ba ya gajiya," in ji ta. "Gara a sa shi aikin lada."

Ka'idarta ba ta da yawa. Ki gaisa, ki bar su su yi ta zuba, kuma kada ki riga tsoho kashe waya. Abin da aka faɗa miki amana ne. Sannan ba a ba kowa danginta, don a cewar Hajiya tsoho ba ya sakin jiki da nasa.

Aikin ya karɓe ni. Akwai wani Baba da ya bi min tarihin duk shanun noman da ya taɓa mallaka, kowanne da halinsa, har da wani baƙin sa da ba ya jan garma sai an yi masa kirari. Akwai wata Iya da ba ta son magana ma. Cewa take in ajiye wayar a tsakar gida ta ji hayaniyar yarana, ita tana can tana ɓare gyaɗa. In yaran suka kaure da faɗa sai in ji tana dariya ta cikin wayar, tana cewa a bar su. Nakan wuni da waya a kunne har kunnen ya yi zafi, in sauya ɗayan.

Duk wannan hirar da nake zubawa da iyayen mutane, tawa uwar ba ma cika minti ɗaya da ita.

Ni ce 'yar farinta. 'Yan birni sun watsar da wannan kunya, amma a ƙauyenmu, a zamaninta, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, balle ta zauna hira. Da aka yaye ni aka kai ni wajen kakata ta wajen uba, a wata unguwa can bayan gonaki, kuma a hannunta na girma har aka yi min aure. Ban taɓa ce wa uwata Inna ba. Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Ita kuma in ta kama dole ta ambace ni sai ta ce "waccan", bayan aurena na samu ƙarin girma na zama "ta Dawanau". Ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. Duk bayan girbi wake da kuka da busasshiyar kuɓewa suna iso min, ɗan aike ya ce wai an ce a kawo, ni kuwa na san ƙullin hannunta.

Kowace safiya nakan kira ta a layina.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya."

"Ya ƙafar?"

"Da sauƙi."

"Ya azumi?"

"Alhamdu lillahi. Yaran fa?"

"Suna lafiya."

"To, madalla."

Daga nan sai in ji numfashinta, ita ma ta ji nawa, har ɗayanmu ta kashe.

Babanmu ya daɗe da rasuwa. Biyun da ke bi na sun rasu suna ƙanana. Autanmu, wanda shi ne abokin hirarta, har tsokanarta yake ta jefe shi da mafici, ya tafi Legas neman abinci dokar ta rufe da shi can, ga wayarsa yau tana aiki gobe ba ta yi. Idon Yaya ya yi yana, gwiwa ta ƙi. Gidajen wajenmu a jere suke cikin gonaki, kana ƙofarka kana jin dakan maƙwabta, amma wanda ba ya gani sosai kuma ba ya iya taka kunyar gona, tazarar gona ɗaya ta ishe shi kaɗaici. Tsohuwar da ke ratso gonar kullum ta zo su zauna, ƙawarta tun suna amare, ta rasu a farkon azumi.

Matar maƙwabcinsu, wadda ke kai mata abinci tana kuma kai wayarta wajen mai caji, ita ta kira ni.

"Inna fa ta daina fitowa tsakar gida," in ji ta. "Kunun buɗa-baki yadda na kai haka nake ɗaukowa, sai ɗan kurɓi. Jiya na ji tana magana a ɗaki, na ce ko baƙi ta yi. Da na leƙa, ashe da akuya take."

Na zauna a bakin murhu na rasa abin yi. Ba mota, an tare hanya. Kuma ko da an buɗe, in na je me zan yi? In zauna a bakin ƙofa, ta juya min gefe, mu yi shiru tare. Ni da mutane ke yabon na iya farfaɗo da tsoho da baki, ga tawa tana ƙarewa a ɗaki, bakin nawa ba shi da amfani a wajenta. Washegari na ba Hajiya lambar Yaya.

Aka haɗa ta da wata abokiyar aikina, malamar aji biyu, 'yar asalin Barno ce amma tun kakanninta suke Kano. Mace ce mai sanyin murya, ba ta katse mutum. Aka sa musu Talata da Juma'a bayan la'asar. A gidanmu na ƙauye sabis ba ya kamawa sosai a cikin ɗaki, in hira za ta yi tsawo sai an fito ƙofa wajen turmi, don haka ko ba komai kiran zai fito da Yaya waje.

Bayan kira na biyu malamar ta neme ni tana dariya.

"Ke, ashe a nono kika sha surutu. Innarki ta riƙe ni har aka kusa kiran magariba, miyata ta kama."

"Yayar tawa?"

"Ita fa."

"Me ta ce?"

"Amana, Malama."

"To ta ambace ni?"

"Amana," ta sake cewa, har da jan kalmar don ta ƙular da ni.

Na ji daɗi, ba zan ce ban ji ba. Maƙwabciya ta ce ta fara cin abinci, kuma ranakun kira tun azahar take fitowa ta zauna a kan turmin da aka kifa, waya a cinya. Amma haushi ya cika ni fal. Shekara arba'in da ɗoriya ina ɗaukar uwata mace ce marar magana, sai ga baƙuwa ta samu a sati ɗaya abin da ban samu ba tun haihuwata.

Bayan ƙaramar Sallah malamar ta haihu, haihuwa mai wuya. Ranar da aka sassauta doka mijinta ya kawo min layinta a naɗe cikin takarda, tare da jerin tsofaffinta, wai Hajiya ta ce in riƙe kafin ta yi arba'in. Hajiya ta manta wace ce a cikin jerin. Ni ban manta ba, Yaya ce ta huɗu. Abin da ya kamata shi ne in kira Hajiya in ce a ba wata. Na ɗauki waya don in yi hakan har sau biyu, ina ajiyewa.

Ranar Talata na kora yara zaure wajen babansu, don Yaya ta san muryoyinsu. Na shige lungun madafi, na rufe baki da gefen mayafi, na sassauta murya yadda malamar ke yi.

"Salamu alaikum, Inna."

Wannan ne karo na farko da kalmar ta fita daga bakina zuwa gare ta. Na ce Malama ta sauka lafiya, an samu mace, ni aka ce in riƙa gaishe ta kafin ta warware. Na kasa kunne. Ina jin kaji, ina jin wani yana kora jaki can nesa. Na sha jinin jikina, na ce asirina ya tonu.

"Allah ya raya," in ji ta. "To ke 'yar ina ce?"

"Nan wajen Kano, Inna."

"To. An yi ruwa a wajenku? Mu nan an yi na shuka daren Lahadi, amma mai gonar gabas bai gama kai taki ba, yana can yana faɗa da jakinsa, ban san wanda ya fi wani taurin kai ba."

Daga nan ta ɓalle. Ashe Yaya ta iya kwaikwayon mutane. Ta yi min muryar mai unguwa, ta yi ta mai tallan manja, ta yi ta babanmu lokacin da yake cinikin tunkiya yana rantsuwa ba zai ƙara ko sisi ba alhali ya riga ya kama igiyar. Na toshe baki da mayafi ina dariya, hawaye na zuba. Na sha jin dariyarta ta bayan danga, tana yi da wasu. Ban taɓa jin ta tana yi da ni ba. Kuma duk inda ta karkata zance ta soki mutum da wasa, sai in ji salon nawa ne sak, wanda nake ɗauka a wajen kakata na koya.

Can wajen ƙarshe ta ce, "Kina da uwa, Malama?"

"Ina da ita, Inna."

"Kina zuwa gaishe ta?"

"Hanya a rufe take."

"Haka ne," in ji ta. "Ai ita ma ta sani."

Haka muka yi sati uku. Layi biyu ne a wayata. Da safe in kira da nawa, in ce Yaya ina kwana, ta ce lafiya, mu ƙare kafin ruwan shayi ya tafasa. Talata da Juma'a in kira da ɗayan, in ce Inna, mu kai magariba. Kullum sai na duba sau uku kafin in danna, kada in kira da wanda ba shi ba. Maigidan ya gane abin da nake yi, ya ce bai taɓa ganin wadda sai ta yi ɓad-da-kama za ta gaisa da uwarta ba. Na ce ya ji da rediyonsa.

Amma abin ya fara cina. In ta ba ni labarin gidanmu, dole in yi kamar ban san inda rumbu yake ba. In ta ce ƙafar ta hana ta barci, abin da ba ta taɓa faɗa min da safe ba, ba ni da ikon cewa komai sai sannu, irin ta baƙo. Ta ba ni labarin yaranta biyu da suka rasu, da sunayensu, da irin ciwon da ya ɗauke kowanne. Ta ba ni na auta tun daga ranar da ya fara tafiya. Ina ta jira ta zo kaina, ina kuma tsoron ta zo. Na ƙosa in ce ni ce, na kuma san Malama take yi wa magana. Ban iya ci gaba da daɗin rai ba, ban iya dainawa ba.

Wata Juma'a, hadari na haɗuwa ta gabas, muna cikin zancen tsadar gishiri, sai ta sauya zance.

"Ina da wata babba," in ji ta. "A Dawanau take aure. Malama ce irinku."

Na ce, "Allah sarki."

"Ba a zancen ɗan fari. Amma ke baƙuwa ce, ba ki san mu ba, ba mu san ki ba."

Na jingina da bangon madafi.

"Ranar da aka yaye ta, uwar mijina ta zo da kanta, ta goya ta da sabon zani. Ni ina bakin turmi. Ban ɗaga kai ba, mata na kallo, in kika ɗaga shi ke nan kin zama abin zance har ki tsufa. Surfe aka ce in yi. Na yi ta daka geron nan har ya zama gari da dusarsa, aka yi ta yi min dariya, wai hankalina ya tafi kasuwa."

Ta ɗan yi dariyar ita ma, sannan ta ci gaba.

"Kwana uku nono na zuba, ina ɗaure ƙirji da ɗankwali. Rana ta huɗu na ɗauki igiya na ce zan je itace. Na bi ta cikin gonaki, dawa ta yi tsawo, ba mai ganina, har na kai bayan dangar gidan. Na ji kukanta. Muryar har ta dishe. Tsohuwar ta tafi rijiya, na ga fitarta da tulu, ba kowa a gidan. To akwai wata kafa a jikin dangar, inda awaki ke kutsawa. Na ajiye igiyar, na durƙusa, na leƙa. Ga ta nan zaune a ƙasa, ta riƙe ludayi, ta juyo tana kallon wajen da nake."

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Mayafin ya zame daga bakina, na fashe da kuka, da muryata ta ainihi.

"Yaya, ni ce. Ni ce fa, Yaya."

Na ji iska na kaɗa asabarin ƙofarta. Da ta yi magana, muryar safiya ce ta dawo, gajeriya, a bushe.

"Hadari ya taso. Bari in shigar da akuya."

Ta kashe.

Ranar Talata na kira da layin Malama, ya yi ta ringi ba a ɗauka ba. Juma'a ma haka. Da safe a layina tana ɗauka, mu yi gaisuwarmu yadda muka saba, ba ƙari ba ragi, kamar ba abin da ya faru. Maƙwabciya ta ce ta daina zaman turmi da la'asar, wayar ma ƙarƙashin matashi take turawa. Da malamar Barno ta yi arba'in na mayar mata da layinta, ta kira, Yaya ta yi mata barka, ta sa wa jaririya albarka, ta ce tana da aiki. Malamar ta sake gwadawa sau da yawa, ba ta ƙara samun fiye da gaisuwa ba. Wato ban tsaya ga rufe tawa ƙofar ba, har da wadda na buɗe mata da hannuna.

Na je na faɗa wa Hajiya komai. Na zaci za ta yi faɗa, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dube ni kawai ta ce, "Kin kunyata ta, 'yar nan. Ai ba don ado na kafa ka'idar ba."

Da aka buɗe hanya na shiga motar farko da na samu. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu, ko'ina kore shar har bakin zaure. Na tarar da ita a ƙofar ɗaki, ta rame, faifai a cinya tana tsintar wake da laluben yatsa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Maƙwabciyar ta shimfiɗa min tabarma, ta zauna tana taya ta tsintar. Na yi ta juya maganar da na shirya tun a mota, ta ƙi fitowa.

Can sai Yaya ta yi magana, ba da ni ba, da maƙwabciyar.

"Malamar nan ta biyu da ke kirana, yarinyar kirki ce. Tun sallamarta ta farko na san gidansu. Sai dai ba ta da haƙuri. Mutum yana ba ta labari, ba ta bari ya kai ƙarshe."

Maƙwabciyar, da yake ba ta san komai ba, ta ce, "To ai sai a ce ta sake kira, Inna, ki ƙarasa mata."

"A'a," in ji Yaya, tana jefar da wani ɗan tsakuwa. "Ta riga ta faɗi ko ita wace ce."

Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Na kwana biyu a gidan. Na yi mata wanki, na share ɗakin, na shafa mata man zafi a gwiwa tana kallon bango. Da zan tafi maƙwabciya ta biyo ni zaure da ƙullin wake, ta ce an ce a ba ni.

Yaya ta ƙara damina biyu a duniya. Autanmu ya dawo daga Legas ya zauna, ta samu abokin hira, ta ɗan murmure, kuma na gode wa Allah da hakan. Ni dai gaisuwar safe muka ci gaba da yi har ranar da ta kasa ɗaukar waya. Kakata ta daɗe a ƙasa, babanmu ma haka, kuma ko suna raye ba su san da zuwa itacen nan ba. Ban san ko ta kutsa ta kafar dangar ta ɗauke ni ba, ko kuwa ta tashi ta ɗauki igiyarta ta koma gida. Bayan sadakar bakwai na ja autanmu gefe na tambaye shi, tunda shi ba abin da ba ta faɗa masa. Ya ce shi bai taɓa jin zancen ba.